Shari'ar hana tasa ƙeyar 'yan luwaɗi da maɗigo daga Turai da Amurka: wai me alƙalan suke dubawa ne?

Duk sanda labari ya fito cewa wata kotu a Ingila ko Jamus ta hana a taso ƙeyar wani ɗan Najeriya ko ɗan Gambiya saboda ya ce shi ɗan luwaɗi ne, abin da yawancin mutanenmu suke ɗauka shi ne ai Turawa tukuici suke ba shi, ka buɗe baki ka faɗi kalma ɗaya a miƙo maka takardar zama. Gaskiya wanda ya taɓa bin irin wannan shari'a ya san ba haka take tafiya ba, shari'a ce mai wahala da kan ci shekaru, kuma mutane da yawa faɗuwa suke yi a cikinta. Alƙalin da ke zaune a Landan ko a kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai da ke Strasbourg ba a kawo masa maganar don ya ce abin halal ne ko haram ba, tambaya ɗaya ce a gabansa: in aka saka wannan mutumin a jirgi aka sauke shi a ƙasarsu, me zai same shi? Duk rigimar a kan amsar wannan tambayar take.

Tushen maganar yarjejeniyar 'yan gudun hijira ce da aka ƙulla a Geneva a 1951. Sashe na 33 ya ce ba a mayar da ɗan gudun hijira inda ransa ko 'yancinsa zai shiga haɗari. Amma ba kowane haɗari ba, sai wanda ya samo asali daga ɗaya cikin dalilai biyar, launin fata ko ƙabila, addini, ƙasar da mutum ya fito, ra'ayin siyasa, sai kuma kasancewa cikin wani rukuni na musamman a cikin al'umma. Babu inda aka ambaci neman jinsi a ciki, ta wannan ƙofa ta biyar ɗin lauyoyi suka shigo da shi sannu a hankali. A Amurka shari'ar wani ɗan Cuba ce mai suna Toboso-Alfonso a 1990, wadda antoni janar Janet Reno ta mayar abin koyi ga duk alƙalan shige da fice a 1994. A Kanada kotun ƙoli ta ambace shi a shari'ar Ward a 1993. Yau wannan ɓangaren ba a cika jayayya a kansa ba a ƙasashen Yamma.

Akwai ƙofa ta biyu kuma wadda ta fi ta farko ƙarfi. Sashe na 3 na yarjejeniyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai, da sashe na 3 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta hana azabtarwa ta 1984, sun hana mayar da mutum inda za a gana masa azaba, kuma wannan ba shi da togaciya ko kaɗan. Kotun Strasbourg ta faɗi haka ƙarara a shari'ar Chahal a 1996, wani mabiyin addinin Sikh ɗan Indiya da Birtaniya ta ce barazana ne ga tsaronta, kotu ta ce ko da haka ne ba za a mayar da shi ba. Abin da ya sa wannan ke da muhimmanci shi ne a Birtaniya duk baƙon da aka yanke wa ɗaurin wata 12 ko fiye, doka ta ce a tasa ƙeyarsa kai tsaye, kuma babban laifi yana iya raba mutum da kariyar 'yan gudun hijira, to sashe na 3 ɗin nan ne kaɗai yake rage masa. Shi ne kuma yake fusata 'yan siyasar can da jaridunsu, sai ka ji suna cewa ga mai laifi an kasa korarsa.

Shekaru da yawa amsar da hukumomi suke ba irin waɗannan mutane ita ce, to mun ji, amma ka koma gida ka kama kanka, in ba ka bari an gane ba babu mai taɓa ka. Wannan amsar ce ta rushe a 2010 a kotun ƙolin Birtaniya, a shari'ar mutum biyu da aka sakaya sunayensu, HJ ɗan Iran da HT ɗan Kamaru. Shi HT abin da ya shaida wa kotu shi ne wani maƙwabci ya gan shi da abokinsa a lambun bayan gidansa, magana ta bazu a unguwa, ranar da ya fito daga coci jama'a suka rufar masa da sanduna da duwatsu, suka tuɓe shi suka yanke shi da wuƙa, da 'yan sanda suka iso maimakon su cece shi su ma sai suka sa hannu a dukan. Ya yi jinya, aka samo masa fasfo na bogi, aka kama shi a filin jirgin Gatwick a 2007. Ƙananan kotuna ba su ce ƙarya yake ba, cewa suka yi ya koma wani gari a Kamaru inda ba a san shi ba ya ɓoye kansa, ai zai iya jurewa. Alƙalan kotun ƙoli su biyar baki ɗaya suka ce a'a, hujjarsu kuma mai sauƙi ce, in har za a ce wa mutum ya ɓoye abin da ake farautarsa a kai don ya tsira, to haka za a ce wa wanda ake kashewa saboda addininsa ya koma ya daina zuwa masallaci ko coci a fili, da haka ne da yarjejeniyar ba ta da wani amfani. Kotun ƙolin Ostireliya ta riga ta faɗi makamancin haka a 2003 a kan wasu 'yan Bangladesh biyu.

Amma akwai wani lungu a hukuncin da mutane ba sa lura da shi. Lord Rodger, ɗaya daga alƙalan biyar, ya jera tambayoyin da alƙali zai bi: shin mutumin haka yake ko za a ɗauke shi a haka, shin masu yin abin a fili a ƙasarsu ana gallaza musu, shi in ya koma yaya zai zauna, in kuma ɓoyewa zai yi to me ya sa. In dalilin ɓoyewar kunyar iyaye ce kawai ko gudun ɓata wa dangi rai, ba shi da mafaka. Sai in tsoron duka ko ɗauri ko kisa yana cikin manyan dalilan. Ka ga kenan amsa ɗaya a intabiyu, mutum ya ce ni dai ba na son mahaifiyata ta ji, tana iya kayar da shari'ar gaba ɗaya, alhali a wajenmu kunyar iyaye da tsoron abin da unguwa za ta yi maka ba abubuwa ne da ake raba su ba, tare suke zuwa.

Sai maganar dokar ƙasa. Mutane suna zaton tunda Najeriya tana da dokar hana auren jinsi da Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014, mai ɗaurin shekara 14 ga wanda ya yi auren da shekara 10 ga wanda ya taimaka ko ya kafa ƙungiya, ga kuma jihohi 12 na Arewa da dokar shari'a ta tanadi jefewa, to shi kenan duk wanda ya fito daga nan ya ci shari'a. Kotun Tarayyar Turai da ke Luxembourg ta ce ba haka ba a 2013, a shari'ar mutum uku 'yan Saliyo da Uganda da Senegal da suka nemi mafaka a Holan. Ta ce kasancewar doka a rubuce kaɗai bai isa ba, sai an nuna ana aiki da ita ana ɗaure mutane a zahiri. Don haka lauyan gwamnati zai tashi ya ce mutum nawa aka ɗaure bana, an taɓa jefe wani, me zai hana shi ya koma Legas ko Abuja inda ba wanda ya san shi? Lauyan mai ƙara kuma ya kawo rahotanni, kamar hukuncin jefewa da kotun shari'a ta Ningi ta yanke wa mutum uku a 2022, ko yadda jama'a suka yi wa wata kotu ruwan duwatsu a Bauchi a Janairun 2014 suna neman a miƙo musu waɗanda ake tuhuma, ko farmakin da matasa suka kai gida-gida a Gishiri cikin Abuja a watan da ya biyo baya.

A ganina nan ne gaskiyar maganar take, domin a ƙasashenmu abin da ya fi kashe mutum ko nakasa shi a kan wannan zargi ba kotu ba ce, taron jama'a ne, da dangi, da masu yaudarar mutum ta waya su tsare shi su ɗauki bidiyo su riƙa tatsar kuɗi, kuma wanda aka yi wa haka ba zai iya zuwa caji ofis ba don in ya je shi za a fara tsarewa. Kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta daɗe tana kauce wa wannan, a 2004 ma ta kori ƙarar wani ɗan Iran da Birtaniya za ta mayar. Sai a Nuwamban 2020 ta yanke hukunci a kan Suwizalan game da wani ɗan Gambiya, ta ce kotunan Suwizalan sun duba ko gwamnatin Gambiya tana aiki da dokarta amma ba su duba da kyau ba ko 'yan sandan can za su kare shi in mutanen gari suka far masa, don haka mayar da shi ba tare da sabon bincike ba ya saɓa wa sashe na 3. A Nuwamban 2024 ta sake kama Suwizalan da irin wannan a kan wani ɗan Iran. Ni Musulmi ne kuma na san hukuncin addini a kan wannan aiki, babu wanda ya ce a canza shi. Amma shari'ar da na sani tana da alƙali, tana da shaidu, tana da sharuɗɗa masu tsauri, ta hana bin diddigin sirrin mutane, ba ta ba wa matasan unguwa da gora da fetur ikon zartar da komai ba. Wanda aka ƙona a kan zargi an zalunce shi, ko ya yi ko bai yi ba, kuma mun sha gani an kashe wanda bai ji ba bai gani ba.

To da aka toshe wa hukumomi hanyar koma ka ɓoye, sai suka koma wata, wato ba mu yarda kai haka kake ba. Yau yawancin shari'o'in a nan suke mutuwa. Kuma a yi adalci, tambayar tana da wuya, yaya za a tabbatar da abin da ke cikin zuciyar mutum? Wanda aka kora saboda siyasa yana da katin jam'iyya, yana da hoton zanga-zanga, shi kuwa wannan duk rayuwarsa a share sawu ya yi ta, ya goge saƙonni, ya yi aure don a daina yi masa kallo, yanzu an ce kawo hujja. Gaba kura baya siyaki. A neman hujjar an yi abubuwan da ba su da daɗin faɗa. Jamhuriyar Czech ta taɓa amfani da na'urar da ake ɗaura wa namiji a gabansa ana nuna masa hotunan batsa, har hukumar kare haƙƙi ta Tarayyar Turai ta yi tir da abin a 2010. Wasu jami'an suna yi wa mutum tambayoyin ƙwaƙwaf a kan shimfiɗa, wasu masu neman mafakar kuma don tsananin rasa mafita suka riƙa kawo bidiyon kansu. A Disamban 2014 kotun Luxembourg ta hana duk wannan, ba tambayar yadda ake saduwa, ba gwaji, ba karɓar bidiyo ko da mutum ne ya kawo da kansa, kuma ba a yanke hukunci a kan zaton yadda irin waɗannan mutane ya kamata su kasance kawai. A Janairun 2018 ta ƙara da shari'ar wani ɗan Najeriya a Hungary, wanda aka sa masanin halayyar ɗan Adam ya nuna masa ɗigon tawada a takarda, ya sa shi ya zana mutum a cikin ruwan sama, daga nan ya rubuta cewa bai iya tabbatar da maganarsa ba, aka ƙi shi. Kotu ta ce ba a amfani da irin wannan gwajin. Duk da haka a shekarar wani jami'i a Austriya ya ƙi wani matashi ɗan Afghanistan da cewa tafiyarsa da shigarsa ba su yi kama da na masu wannan hali ba.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne labarin Aderonke Apata, 'yar Najeriya da ta shafe shekara 13 tana shari'a a Birtaniya. A 2015 lauyan ma'aikatar cikin gida ya tsaya a kotu ya ce ba za ta zama 'yar maɗigo ba tunda ta yi mu'amala da maza har ta haihu, kotu ta ƙi ta, sai a 2017 aka ba ta mafaka. Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ko Bayarabe ya san wannan hujjar ba ta tsayawa. Wace yarinya ce a wajenmu ake tambayar ra'ayinta a kan ko za ta yi aure ko ba za ta yi ba? Wane namiji ne zai kai talatin da biyar ba mata bai sha tambaya daga gwaggo da kawu ba? Aure da 'ya'ya ba sa nuna komai a nan, kamar yadda rangwaɗa ba ta nuna komai, ba kowane ɗan daudu ne yake wannan harka ba, da yawan masu yinta kuma in ka gan su ba za ka taɓa zata ba.

Sai matsalar jinkiri, wadda ita ma take cin mutane. Ka ɗauka mutum ya sauka jiya, an shigar da shi ƙaramin ɗaki, ga jami'a mace da kwamfuta tana buga duk abin da ya faɗa, ga tafinta a gefe ko a waya, Bahaushe ɗan uwansa, mai yiwuwa dattijo, wanda daga gaisuwa ya gane ɗan wane gari ne, wataƙila ma ranar Juma'a sahu ɗaya za su tsaya. An ce masa faɗi abin da ya koro ka. Abin da bai taɓa furtawa ko shi kaɗai a ɗaki ba, yanzu zai faɗa da Hausa a gaban wannan bawan Allah? Sai ya ce rikici ne, ko ya ce 'yan bindiga, bayan wata takwas da ya samu lauyan da ya saki jiki da shi sai gaskiyar ta fito, hukuma kuma ta ce me ya hana ka faɗa tun farko, ƙirƙira ka yi. Hukuncin kotun Luxembourg na 2014 ya ce jinkiri kaɗai ba ya isa a ƙaryata mutum, amma a aikace yana yi masa illa sosai. A Amurka ma doka ta ce a nemi mafaka cikin shekara ɗaya da shiga ƙasar, in ta wuce sai da uzuri mai ƙarfi. Birtaniya kuma a dokarta ta 2022 ta ƙara tsaurara ma'aunin, a da ya isa a nuna akwai yiwuwar maganar gaskiya ce daidai gwargwado, yanzu a kan tambayar ko mutumin haka yake sai alƙali ya gamsu cewa gaskiyar ta rinjayi ƙaryar.

Ba zan tsallake maganar masu ƙarya ba don akwai su, kowa ya sani. Akwai ejan-ejan da ke karɓar kuɗi su rubuta wa mutum labari, su ce haddace wannan, je wancan kulob ɗin ka ɗauki hoto. Jami'an da suka karanta labari iri ɗaya sau hamsin sun gane shi, kuma wanda ke biyan kuɗin wannan ƙaryar shi ne na gaskiyar da ke bayansu a layi da tabon wuƙa a jiki. Shi kansa mai ƙaryar bai san abin da ya ɗauko ba, tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya. Maganar tana shiga fayil ɗinsa har abada, in ya samu takarda ya koma gida da fasfon ƙasarsa ana iya ƙwace matsayin, in ya zo ɗauko mata a tono abin da ya rantse a kai, in kuma an ƙi shi aka dawo da shi labari ya riga shi isa unguwa, haɗarin da ya ƙirƙira ya zama na gaske. Amma yawan bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Lokacin da sakatariyar cikin gida ta Birtaniya Suella Braverman ta je Washington a Satumban 2023 tana cewa tsarin ba zai ɗore ba in wannan dalili ya isa a ba da mafaka, alƙaluman ma'aikatarta sun nuna masu kafa hujja da shi kusan kashi 2 cikin 100 ne na masu neman mafaka a 2022.

Ta fuskar matakai, a Birtaniya in an ƙi mutum yana da kwana 14 ya ɗaukaka ƙara zuwa kotun shige da fice ta farko, daga nan sai ta sama amma ita kuskuren doka kawai take dubawa. In duk sun ƙare yana iya kawo sabuwar hujja a nemi a sake buɗe fayil, in kuma an riga an yanka tikiti lauya ya ruga babbar kotu ko Strasbourg neman umarnin gaggawa, irin wanda ya tsayar da jirgin da zai kwashi masu neman mafaka daga Birtaniya zuwa Ruwanda a Yunin 2022. Akwai kuma jerin ƙasashen da ake ɗauka lafiya lau suke, inda ake iya buga wa ƙarar mutum hatimin ba ta da tushe a hana shi afil. Najeriya da Ghana suna cikin jerin Birtaniya, amma ga maza kawai. A 2015 kotun ƙoli ta ce saka Jamaika a jerin ya saɓa doka tunda akwai wani kaso na jama'arta da ake gallaza wa a kan wannan, a 2021 kuma babbar kotun gudanarwa ta Faransa ta cire Senegal da Ghana daga nata jerin saboda irin wannan dalilin.

Sabon fagen da aka buɗe yanzu shi ne tura mutum ƙasa ta uku, kuma Amurka ce kan gaba. Kariyar da alƙalin shige da fice yake bayarwa a can sau da yawa cewa take kada a kai shi ƙasa kaza, ba ta ce kada a kai shi ko'ina ba. A 2025 wani ɗan Guatemala da aka sakaya sunansa da O.C.G. ya samu irin wannan kariya, bayan kwana biyu aka saka shi a mota zuwa Mexico, ƙasar da ya riga ya shaida cewa an yi garkuwa da shi an yi masa fyaɗe a cikinta, Mexico kuma ta miƙa shi Guatemala ɗin da aka ce kada a kai shi. Alƙali Brian Murphy na Boston ya ba da umarni aka dawo da shi a watan Yuni, amma a watan ne kotun ƙoli ta dakatar da babban umarnin da ya tilasta a ba mutane dama su yi ƙorafi kafin a kai su ƙasa ta uku. A Satumba abin ya iso yankinmu, shugaba Mahama ya tabbatar Ghana ta karɓi mutum 14 'yan Afirka ta Yamma daga Amurka, yawancinsu 'yan Najeriya, yana cewa ai 'yan ECOWAS ba sa buƙatar biza. Lauyoyinsu suka shaida wa kotu a Washington cewa waɗanda suke karewa duk suna da kariyar alƙali, har da wani ɗan Gambiya da ya samu tasa a kan neman jinsi, wanda daga Accra aka wuce da shi Gambiya ya shiga ɓuya. Alƙaliya Tanya Chutkan ta ce abin ya yi kama da zagaye doka ta bayan gida, amma tunda mutanen suna hannun gwamnatin Ghana ba ta da hurumin hana komai. Dole lauyoyi suka koma shigar da ƙara a kotunan Ghana, kafin a saurare su kuma an riga an fitar da yawancin mutanen daga ƙasar.